Daga Isof Zuwa Odifus: Aron Adabin Yunanawa da Matsalar Ƙaddara a Adabin Hausa na Zamani

1.0 Gabatarwa

Duk adabin da yake raye yana cin bashi. Larabawa sun karɓi Kalila wa Dimna daga hannun Farisawa, su kuma Farisawa a Indiya suka samo shi. Rumawa ma a kan harsashin Yunanawa suka gina waƙoƙinsu da wasanninsu na harshen Latin. Saboda haka gardamar ko ya dace marubucin Hausa ya ari labari daga tsohon adabin Yunanawa ba ta da sauran nauyi, domin an riga an yi aron tun shekarun 1930. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: me ya sa ƙananan almarorin dabbobi suka shigo ƙasar Hausa suka zauna daram, alhali kuwa manyan wasannin ban tausayi, waɗanda marubutan kudancin Nijeriya da na Masar suka yi ta juyawa, suka tsaya a bakin ƙofa?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ya tsayar da su batun ƙaddara ne, watau dalilin da ya sa bala'i ke faɗa wa mutum a cikin labari. Za a kuma nuna cewa mabuɗin wannan matsala yana nan cikin rubutaccen adabin Hausa tun farkonsa, a cikin littafin Jiki Magayi.

2.0 Ƙofofi Biyu

Ilmin Yunanawa ya iso ƙasar Hausa ta ƙofofi biyu, kuma ta gabas ita ce ta fari. A ƙarni na 9 da na 10 aka fassara littattafan Arisɗo da Aflaɗon da Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza, daga nan suka bi malamai da fatake har Afirka ta Yamma. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya wallafa waƙe a kan ilmin manɗiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramcin wannan fanni. Manɗiƙi kuwa gadon Arisɗo ne. Haka nan Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da kowane ɗalibin zaure ya sani, shi ne mai Sullam, waƙen manɗiƙi da malamai ke karantarwa. Harshen kansa shaida ne, domin kalmomin falsafa da alƙalami da dirhami asalinsu Yunananci ne, dinari kuwa Latin, kuma duk ta hanyar Larabci suka shigo.

Sai dai wannan ƙofa tana da rariya. Ta bar hikima da magani da lissafi sun wuce, ta tare waƙoƙin Homa da wasannin kwaikwayo. Lokacin da Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a 940, ya fassara littafin Arisɗo a kan waƙa, babu dandalin wasan kwaikwayo irin na Yunanawa a Bagadaza, don haka ya fassara wasan ban tausayi da kalmar yabo, wasan ban dariya da kalmar zambo. Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya bi shi a kan haka. Waƙar Iliya ta Homa kuwa sai a 1904 Sulaiman al-Bustani ya fitar da fassararta ta Larabci a Alƙahira. Ke nan malamin zaure ya san Arisɗo ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa, amma manyan mawaƙansa su ne Imru'ul Ƙaisi da Hariri da Busiri.

Ƙofa ta biyu ita ce ta makarantar boko. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East, kuma ita ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933. A ɓangaren Nijar kuwa, yaran Maraɗi da Damagaram da suka shiga makarantun Faransanci sun haddace almarorin La Fontaine, wanda ya fara buga su a 1668, kuma da yawa daga cikinsu na Isof ne aka mayar waƙa.

3.0 Almarar Isof da Dabarar Imam

Isof, bisa ga abin da Yunanawa suka ruwaito, bawa ne da ya rayu wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Almarorin da ake danganta masa gajeru ne: dabbobi biyu ko uku, aukuwa ɗaya, darasi ɗaya. Fedurus ya mayar da su waƙa da Latin a ƙarni na 1, Larabawa kuma suka jingina wasunsu ga sunan Luƙmanu. Littafin almarorin Isof yana cikin waɗanda Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) ya duba a Zariya a 1936, tare da Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa, lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939.

Dalilin da ya sa irin wannan almara ba ta yi baƙunta ba a fili yake. Ta tarar da gida ginanne. Tatsuniyar Hausa tana da dila malamin daji, da kura mai kwaɗayi da wauta, da zaki manyan dawa, kowa da halinsa sananne. Idan aka ce hankaka ya ɗauko nama, dila ya tsaya a gindin itace yana yabon muryarsa har ya buɗe baki naman ya faɗi, Bahaushe zai ji labarin roƙo ne da daɗin baki, abin da yake gani kullum a ƙofar masu hali. Karen da ya saki ƙashin bakinsa don ya cafko na cikin ruwa, garin neman ƙiba ne ya samo rama. Kunkurun da ya riga zomo isa, sannu ce ba ta hana zuwa. Kowace almara tana da karin maganar da ke jiranta, kuma ba a bukatar a yi imani da wani abin bauta na Yunanawa kafin a ɗauki darasinta.

Duk da haka, nasarar Imam ba ta tsaya ga sauya sunaye ba. Ya zuba labaran da ya aro a bakin aku, a fadar Sarki Abdurrahman, inda kowane labari yake da aikin yi: ko dai ya tsare Musa ɗan Sarki daga fita ya faɗa tarkon Waziri, ko ya ci gasa, ko ya koyar da Fasih. Ya sanya wa labarai da yawa karin magana a matsayin take. Mafi muhimmanci, ya sauya dalilin da ke motsa mutanen cikin labarin, suka koma suna aikata abu don kunya, ko don girma, ko don tsoron Allah, ko don rashin waɗannan. Labarin Sarkin Busa daga Jamus ya fito, amma mai karatu a Katsina ba ya jin ƙamshin Jamus a jikinsa. Wannan dabara ce Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kira Imamanci. Ma'aunin da za a ɗauka daga nan shi ne, aro yana kama ƙasa ne idan an sauya dalilin aukuwar abu. Sauya riga da hula kaɗai ba ya isa.

4.0 Waƙa: Bambancin Kamanni da Aro

A fagen waƙa ya kamata manazarci ya yi hattara, kada ya ga kamanni ya ce aro ne. Findar, mawaƙin Yunanawa, ya yi wa Hiron Sarkin Sirakusa waƙa a kan nasarar dokinsa a sukuwar Olimfiya ta shekarar 476 kafin haihuwar Annabi Isa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, shi ma ya yi waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge. A wajen mawaƙan biyu yabon doki tsani ne na yabon ubangidan doki, dukansu suna da 'yan amshi, kuma dukansu suna tunatar da sarki cewa waƙa ce ke raya suna. Narambaɗa bai karanta Findar ba. Sarauta iri ɗaya ce ta haifi waƙa iri ɗaya. A nan ma za a ga cewa kalmar yabo da Matta ya zaɓa, ko da yake ta kauce wa wasan ban tausayi, ta dace da wani babban sashe na waƙar Yunanawa.

Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, daga Nana Asma'u zuwa Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, karinta da amsa-amonta da tahamisinta daga arulin Larabci da waƙar baka suka fito. Wannan ya bambanta da halin kudu, inda Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, take da sashen Latin da Yunananci. A can Christopher Okigbo ya yi karatu, kuma tasirin mawaƙan Latin ya fito a waƙoƙinsa. A nesa kuma, Derek Walcott ya mayar da jaruman Homa masunta a tsibirin Sen Lusiya cikin Omeros a 1990. Mawaƙin Hausa bai ji wannan ƙishirwa ba, domin yana da rijiyarsa. Inda giɓi yake shi ne wasan kwaikwayo.

5.0 Odifus a Ife da Alƙahira

Sofokilis ya rubuta wasan Sarki Odifus wajen shekarar 429 kafin haihuwar Annabi Isa. An yi wa Sarkin Tibis duba a ɗakin tsafin Afolo cewa ɗan da zai haifa zai kashe shi. Aka ba wani makiyayi jaririn ya yar a dutse, tausayi ya hana shi, yaron ya girma a gidan Sarkin Korinti. Da ya ji cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya gudu daga waɗanda yake zaton su ne iyayensa. A mararraba ya yi faɗa da wani dattijo ya kashe shi, ya isa Tibis ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta da matar marigayi. Wasan ya fara ne bayan duk wannan ya wuce, lokacin da annoba ta sauka, Sarki ya rantse sai ya gano wanda ya kashe magabacinsa. Mai bincike shi ne mai laifi, bai sani ba.

Ola Rotimi ya juya wannan wasa a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, da sunan The Gods Are Not to Blame, watau alloli ba su da laifi, aka buga shi a 1971. Odifus ya koma Odewale, Tibis ta koma Kutuje, ɗakin tsafin Afolo ya koma duban Ifa. Aikin ya zo masa da sauƙi ta fuska ɗaya, domin al'adar Yarabawa tana da masu duba da ababen bauta da za su maye gurbin na Yunanawa. Sauyin da ya yi mai ma'ana shi ne, Odewale ya kashe dattijon ne don ya yi wa ƙabilarsa ba'a, daga baya ta bayyana cewa ƙabilar da ya zubar da jini dominta ba tasa ba ce. Wannan saƙo ne mai kaifi ga ƙasar da 'ya'yanta ke kashe juna. Amma akwai rauni: taken wasan ya wanke alloli, zubinsa kuwa ya bar dubansu ya tabbata tun ranar suna, har mai kallo ya rasa ko zafin zuciyar Odewale zai zarga ko abin da aka rubuta masa.

Marubutan Masar, da yake Musulmi suke rubuta wa, ba su sami wannan sauƙi ba, kuma matsalarsu ita ce ta marubucin Hausa. A Musulunci Allah kaɗai ya san gaibu, kuma ba ya zalunci. Wasan da boka zai faɗi gaibu ya tabbata, kuma abin bauta ya ɗana wa jariri tarko ba da laifin komai ba, ya ci karo da aƙida ta fuska biyu. A 1949 Taufiƙ al-Hakim ya fitar da Al-Malik Udib, inda ya mayar da duban ƙarya ce da makahon malami Tirisiyas ya ƙirƙira don ya raba gidan sarauta da magaji, sai ƙaryar ta juyo ta zama gaskiya a hannun ikon da ya fi nasa. A shekarar nan dai Ali Ahmad Bakasir ya fitar da Ma'asatu Udib, inda babban bokan ɗakin tsafi ne ya ƙulla duban, ya kuma yi ta kai gwauro yana kai mari har ya tabbatar da shi don neman duniya. Dukansu biyu sun ɗauke laifin daga sama sun dawo da shi ƙasa, wurin makircin ɗan Adam. Bahaushe zai ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

6.0 Wasan Hausa da Darasin Jiki Magayi

Fitattun wasannin Hausa da aka buga, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, jigonsu gyaran hali ne. Mai laifi ya san yana laifi, mai kallo ma ya sani, ƙarshe kowa ya girbi abin da ya shuka. Da aka waiwayi adabin Turai, Shakespeare aka ɗauko, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya yi da Daren Sha Biyu a 1971, wanda wasan ban dariya ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin tauraron da Arisɗo ya siffanta: mutum mai daraja, ba waliyyi ba kuma ba azzalumi ba, wanda kuskure ya kayar, har mai kallo ya ji tausayinsa ya kuma ji tsoro don kansa.

Ba za a ce tunanin Bahaushe ba ya ɗaukar irin wannan ba. Mai cewa ƙaddara ta riga fata, shi ne kuma mai cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Tsakanin waɗannan karin magana biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa John Tafida da R. M. East suka gina Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar 1933. Malam Shaihu attajiri ne marar haihuwa. Ya yi mafarkin cewa ta wajen Zainab zai sami ɗa, sai ya raba ta da saurayinta Abubakar ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya samo asirin da ya lalata yaron da aka haifa, Kyauta, ya zama ɓarawo. Daga ƙarshe hannun Kyauta ya shiga cikin mutuwar mahaifinsa a wurin sata, bai san ko wane ne ba.

Kamannin da ke tsakanin wannan da labarin Odifus ba ya bukatar dogon bayani: ɗan da aka ƙosa a samu, da abin da aka ɗora masa tun bai san kansa ba, da uban da ya mutu ta sanadinsa cikin rashin sani. Bambancin ne abin lura. A wasan Sofokilis ba a gaya wa mai kallo laifin da ya jawo hukuncin ba. A Jiki Magayi kuwa kowace mahaɗar sarƙar aikin mutum ce: mai dukiya ya danne talaka, talaka ya ƙi barin wa Allah, ramuwar ta wuce kan mai laifi ta sauka a kan yaron da bai ci ba bai sha ba. Ƙaddara tana nan, amma ta hanyar alhaki ta bi. Watau abin da al-Hakim da Bakasir suka yi ta nema a 1949, littafin Zariya ya riga ya taɓo shi da shekaru goma sha.

Raunin Jiki Magayi shi ne inda Sofokilis ya fi ƙarfi. Asiri ya yi wa Kyauta aiki da yawa, har ya zama kamar kara a kan ruwa, ba shi da zaɓi. Labarin kuma ya bi shekaru daki-daki, saboda haka lokacin da gaskiya ta bayyana mai karatu ya riga ya gan ta tun daga nesa. Odifus kuwa da ƙafarsa yake tafiya zuwa ga halakarsa. Matarsa ta roƙe shi ya bar binciken, makiyayi ya roƙe shi, ya ƙi, domin sarki ne mai son gaskiya da talakawansa. Nagartarsa ce ta tona shi. Da za a ɗauki labarin Kyauta a fara shi daga ƙarshe, yana mutumin kirki mai neman wanda ya kashe mahaifinsa, shaidu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, da an sami wasan ban tausayi wanda zubinsa na Yunanawa ne, ruhinsa na Hausa.

Sauran kayan aikin duk suna nan. Dattawan gari masu sharhi a wasan Yunanawa suna da takwarorinsu a 'yan amshi da fadawa. Al'adarsu ta ɓoye kisa da abin kunya a bayan fage, manzo ya zo ya ba da labari, ta yi daidai da kunyar Bahaushe. Auren uwa, wanda mai kallo ba zai iya zama ya gani ba, ana iya musanya shi da auren da daga baya aka gano shayarwa ta haramta shi, mas'alar da littattafan fiƙihu suka sani. Wasan Antigoni na Sofokilis ma ya fi kusa. Sarki ya hana a binne gawar wanda ya yi wa gari tawaye, 'yar'uwar mamacin ta binne shi, ta karɓi hukuncin kisa. A wurin al'ummar da binne mamaci farilla ne a kanta, kuma malamanta suka daɗe suna tattauna iyakar biyayya ga mai mulki, wannan wasa ba ya bukatar boka ko gunki. Athol Fugard da abokan aikinsa sun yi amfani da shi a 1973 a kan mulkin wariyar launin fata, Femi Osofisan kuma ya juya shi a Tegonni a 1994.

7.0 Kammalawa

An ga cewa almarar Isof ta zauna a ƙasar Hausa domin ta tarar da tatsuniya da karin magana suna jiranta, kuma ta faɗa hannun gwani wanda ya san abin da ake sauyawa. Waƙa ba ta nemi aro ba. Wasan ban tausayi ya tsaya ne a kan tambayar wa ke da laifi, kuma amsar da ta dace da aƙidar mai kallo tana cikin kalmar alhaki.

Wannan batu ya wuce ɗakin karatu. Tun daga lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi (1979–1983) ta kafa gidan talabijin na CTV a Hotoro, wanda yanzu ake kira ARTV, har zuwa fina-finan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990, Kano ta tara 'yan wasa da masu kallo masu ɗimbin yawa, kuma an ari labaran Indiya ba adadi. Al'ummar da ta ga rikici da gudun hijira da rashin 'ya'ya tana bukatar wasan da zai dubi wahalar wanda bai cancanci wahala ba, ba tare da ya yi saɓo ko ya yi ƙarya ba. Wasan gyaran hali ba ya iya wannan, domin a cikinsa mugu kaɗai ke faɗuwa. Marubucin da zai ɗauki wannan aiki yana da malamai uku a gabansa: Sofokilis ya koya masa zubi, Jiki Magayi ya ba shi dalili, Imam kuma ya nuna masa yadda ake saukar da baƙo har ya zama ɗan gari.